Dokin Kara da Tatsuniya a Ma'aunin Montesori

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin manyan biranenmu, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da allon wata makarantar kuɗi ta ƙananan yara wanda aka rangaɗa wa sunan Montesori da manyan baƙaƙe. Iyaye da yawa sun ɗauka wata kalmar Turanci ce mai nufin makaranta mai tsada. Kaɗan ne suka san cewa sunan wata likita ce 'yar ƙasar Italiya, Mariya Montesori, wadda ta rayu daga 1870 zuwa 1952, kuma ta bar wa duniya wata manhaja ta renon yara da ake bi har gobe.

Mai karatu zai iya tambaya, to me ya haɗa mujallar marubuta da manhajar 'yan nazare? Abin da ya haɗa su shi ne, wannan baiwar Allah ta yanke hukunci a kan sana'armu. A ganinta, tatsuniya da sauran labaran almara ba su ne abincin da ya dace da hankalin ƙaramin yaro ba, kuma yawancin makarantun da ke bin tafarkinta da gaske sun fi ba yaron da bai kai shekara shida ba littattafan abubuwan zahiri. Idan ta yi daidai, ke nan duk mai rubuta labarin Gizo da Ƙoƙi domin 'yan ƙanana yana zuba ruwa a kwando ne, ko ma yana cutarwa. Idan kuwa ta yi kuskure, tilas ne mu iya nuna inda kuskuren yake da hujja, domin fushi ba ya zama amsa. Saboda haka za mu bi asalin wannan manhaja da yadda ta bunƙasa, sa'an nan mu auna wannan hukunci nata, mu ga abin da ya kamata mu karɓa da wanda ya kamata mu mayar mata.

Daga Asibiti Aka Faro

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, wannan manhaja ba a aji aka haife ta ba, a asibiti ne. Montesori ta kammala karatun likita a Jami'ar Roma a 1896, a zamanin da mace likita take abin kallo a Italiya. Aikinta na farko ya kai ta gidajen da ake tsare masu taɓin hankali, inda ta tarar da yara masu raunin ƙwaƙwalwa an kulle su a ɗakunan da babu komai sai bango. Masu tarihin rayuwarta sun ruwaito cewa wata mai kula da yaran ta yi mata ƙorafin haɗamarsu, wai da zarar sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Ita kuwa da ta dubi ɗakin, sai ta fahimci cewa ba yunwar ciki ce take damun su ba, hannuwansu ne ba su da abin taɓawa, ɓarɓashin nan shi kaɗai ne abin wasansu.

Wannan fahimta ce ta kai ta ga rubuce-rubucen wasu likitocin Faransa guda biyu. Na farko shi ne Jean Itard, wanda ya yi shekaru yana ƙoƙarin koyar da wani yaro da aka kamo daga dajin Aveyron a 1800, yaron da ya tashi ba ya magana. Na biyu shi ne almajirinsa Edouard Seguin, wanda ya ƙirƙiri kayan aiki na horar da ido da kunne da yatsu, ya kuma bayyana hanyarsa a littattafansa na 1846 da 1866. Montesori ta faɗa da kanta cewa ta zauna ta fassara rubutun mutanen nan zuwa Italiyanci, ta kwafe shi da hannunta shafi bayan shafi, don ma'anar kowace kalma ta zauna mata. Wannan kaɗai darasi ne ga masu sha'awar rubutu da suke son a karanta su amma ba su son karanta kowa.

A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta a Roma, tare da wani likita, inda ake koyar da irin waɗannan yara da kuma horar da malamansu. Cikin shekara biyu wasu daga cikin yaran suka iya karatu da rubutu, har suka zauna jarrabawar gwamnati tare da lafiyayyun yara suka ci. Jama'a suna ta al'ajabi, ita kuwa tambayar da ta dame ta daban ce: wane irin ciwo ne yake damun makarantun lafiyayyu har marasa lafiya suka kamo su?

Gidan Yara na San Lorenzo

Damar gwada amsarta ta zo ne ta wata hanya da ba ta da alaƙa da ilmi. Wani kamfanin gidaje a ƙarƙashin injiniya Edoardo Talamo ya gyara wasu benayen haya a San Lorenzo, unguwar talakawa a Roma. Iyaye suna fita neman abinci tun da safe, su bar yaran da ba su isa shiga makaranta ba suna gararamba, suna ɓata bango da matakala. Masu kamfanin suka ga cewa tara yaran a ɗaki ɗaya ya fi yi musu arha a kan gyaran fenti kullum. Ranar 6 ga Janairu 1907 aka buɗe wannan ɗaki, aka sa masa suna Casa dei Bambini, watau Gidan Yara, da yara wajen hamsin, yawancinsu tsakanin shekara uku zuwa shida.

A nan ne manhajar ta sami siffarta, kuma abin lura shi ne ba a zauna an tsara ta a takarda ba. Montesori ta riƙa kawo kaya tana kallon abin da yara suka ɗauka da wanda suka bari. Ta sa kafinta ya yi ƙananan kujeru da tebura marasa nauyi waɗanda yaro zai iya ɗagawa da kansa. Ta sauko da kabad ƙasa don yaro ya zaɓi abin da yake so ba tare da roƙo ba. Ta mayar da wanke hannu da shara da ɓalla maɓalli da zuba ruwa a kofi suka zama darussa. Ta kawo kayan horar da gani da taɓawa, alal misali wasu katakai goma masu siffar akwati, ƙaraminsu santimita ɗaya babbansu santimita goma, waɗanda yaro yake ɗorawa bisa juna, da wasu guntayen katako masu siffar gwangwani, kowanne da raminsa. Hikimar waɗannan kaya ita ce su da kansu suke nuna kuskure. In yaro ya sa guntu a ramin da ba nasa ba, a ƙarshe zai ga ɗaya ya rage a hannunsa babu wurin sa shi, ba sai malama ta tsawata ba.

Ta ba da labarin wata yarinya 'yar kimanin shekara uku da ta ga tana cire waɗannan guntaye tana mayarwa. Ta sa sauran yara suka yi waƙa, yarinya ba ta ɗago ba. Ta ɗauke ta da kujerarta ta ɗora a kan tebur, yarinya ta ci gaba, har ta maimaita fiye da sau 40, sa'an nan ta tsaya tana murmushi kamar wadda ta farka daga barci mai daɗi. Daga irin wannan ne Montesori ta gina ginshiƙin koyarwarta, cewa ƙaramin yaro yana da natsuwa mai zurfi idan ya sami aikin da ya dace da shi, kuma aikin babba shi ne ya shirya wuri ya kauce.

Haka kuma karatu da rubutu. Ta yanka haruffa da samfefa ta manna a kwali, yaro yana bin harafi da yatsa yana furta sautinsa, har hannu ya haddace shi kafin ya riƙe alli. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Wannan dabara ta yi saurin aiki ne domin Italiyanci harshe ne da ake rubuta shi kusan yadda ake furta shi. Hausar boko ma haka take, duk da ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. Turanci kuwa ba haka yake ba. To abin mamaki, yawancin makarantunmu masu ɗauke da sunan wannan mata da Turanci suke fara wa yaro, alhali manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a koyar da 'yan nazare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsu. An ɗauki suna an bar hikima.

Yaɗuwa da Suka

A 1909 ta buga littafinta na farko a kan wannan hanya, ta kuma yi kwas na farko na horar da malamai. Da aka fassara littafin zuwa Turanci a 1912 sai ya yi kasuwa ƙwarai a Amurka, ita kanta ta je can a 1913, kuma a 1915 aka gina aji mai bangon gilashi a wani baje koli a San Faransisko don jama'a su kalli yara suna aiki.

A matsayinmu na masu nazarin rubutu, ya kamata mu tambayi dalilin wannan karɓuwa. A ganinmu, rabin dalilin yana ga alƙalaminta. Littafin yana kiran kansa na kimiyya, amma babu alƙaluma masu yawa a ciki, babu gwaji irin wanda ake kwatanta rukuni da rukuni. Abin da yake kama mai karatu shi ne labarai. Dubi yadda ta kawo ranar da yara suka fara rubutu: wata rana a watan Disamba, rana ta fito, suna kan rufin bene, ta ba wani yaro ɗan shekara biyar alli ta ce ya zana mata bututun hayaƙi. Ya zana, ya yi shiru, sai ya fashe da ihun murna cewa ya iya rubutu, ya durƙusa ya rubuta kalmar da ke nufin hannu da Italiyanci, sauran yara suka rufa masa baya har suka cika daɓen da rubutu. Akwai wuri, akwai lokaci, akwai tauraro, akwai ƙololuwa. Wannan zubi ne na gwanin ƙagaggen labari. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Suka ba ta daɗe ba ta biyo baya. A 1914 William Kilpatrick, malami a Jami'ar Kolombiya kuma almajirin John Dewey, ya fitar da ɗan littafi inda ya ce tunaninta ya tsaya a tsakiyar ƙarni na sha tara, wajen shekara hamsin a baya. Ya ce kayanta sun ƙuntata, kowanne hanya ɗaya ce tak ake amfani da shi, kuma ba su ba da fili ga ƙirƙira da wasan haɗin gwiwa. Kafin shekarun 1920 su yi nisa harkar ta yi sanyi a Amurka, ba ta farfaɗo ba sai daga 1958. A gida kuma, gwamnatin Musolini ta rungume ta a 1924, suka ɓata, ta bar Italiya a 1934. Ita da ɗanta Mario sun kafa ƙungiyar duniya a 1929 don tsare hanyar daga gurɓata, amma duk da haka a 1967 hukumar rajistar sunayen kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa sunan Montesori ya zama na kowa. Ke nan allo a bakin ƙofa ba shaida ba ne na abin da ke cikin aji.

Hukuncinta a Kan Tatsuniya

Yanzu mu zo ga abin da ya tara mu. A littafinta na 1916, wanda ya faɗaɗa hanyar zuwa makarantar firamare, ta keɓe babi guda ga ƙirƙirar zuci, watau iya sawwara abin da ba ya gaban ido. Hujjarta tana da ƙafa uku.

Ta farko, ta ce idan muka ba ƙaramin yaro labarin almara, mu manya ne muka ƙirƙira, shi gaskatawa kawai ya yi. Saurin gaskatawa kuwa alama ce ta hankalin da bai nuna ba, kuma aikin ilmi shi ne ya fitar da yaro daga ciki. Ta yi misali da al'adar Turawa ta gaya wa yara cewa wani tsoho ko wata tsohuwa ce take kawo musu kyauta da dare a lokacin bikinsu.

Ta biyu, ta ɗauki yaron da ya hau sanda yana zabga mata bulala kamar doki, watau abin da mu muke kira dokin kara. Ta ce wannan ba shaidar ƙirƙira ba ce, shaidar buri ce da bai cika ba. Yaron doki yake so, bai samu ba, sai ya yaudari kansa, kamar yadda mayunwaci yake mafarkin tuwo. A nan ta soki Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro sunan Kindagatin a 1840, wanda ya gina tsarinsa a kan wasa da waƙa. Ta ce a irin wasanninsa malama ce take miƙa wa yaro guntun katako ta ce masa wannan doki ne, ke nan ƙirƙirar ta malama ce.

Ta uku, ta ce duk ƙirƙira ta gaskiya a kan zahiri take tsayawa. Mawaƙi ko mai zane ba ya iya siffanta abin da bai ƙare wa kallo ba, don haka wanda yake son yaro ya zama mai ƙirƙira, sai ya fara koya masa gani da ji da taɓawa. Ta kuma kafa hujja da abin da ta gani a San Lorenzo, inda ta ce an ajiye wa yara 'yan tsana da kayan wasa masu tsada amma suka bar su suka tafi ga tsintsiya da kwanon wanke hannu.

Abin da Muka Karɓa

Kada mu yi saurin cewa ai Baturiya ce ba ta san daɗin tatsuniya ba. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ƙafa ta uku ta hujjarta tsayayya ce, kuma duk wanda yake duba rubutun sababbin marubuta ya san haka. Sau nawa muke karanta labarin da aka ce jaruma ta shiga wani lambu mai furanni kala-kala, amma marubucin bai iya kiran sunan fure ɗaya ba? Sau nawa ake kai mu kasuwa ba mu ji ƙamshin komai ba, ba mu ji kiran ko mai talla ɗaya ba? Wannan talaucin ido ne, kuma tun yarinta yake farawa.

Haka nan akwai gaskiya a ƙafa ta farko. Mun san yadda ake amfani da dodo don a rufe wa yaro baki ko a hana shi fita. Wannan ba adabi ba ne, cin amanar yardar yaro ne, kuma mai yin sa don sauƙin kansa yake yi.

Bincike ma bai ba mu damar yin alfahari ba. A 2006 Angeline Lillard da abokiyar aikinta suka buga wani nazari a mujallar Science a kan yara ɗari da 'yan kai a birnin Milwaukee na Amurka. Duka yaran iyayensu sun nemi wata makarantar Montesori, ƙuri'a ce ta raba waɗanda suka samu da waɗanda suka tafi wasu makarantu. Da aka ba 'yan shekara sha biyu aikin rubuta labari, masu dubawa sun ga labaran 'yan Montesori sun fi ƙirƙira, jimlolinsu kuma sun fi ginuwa. Nazarin ƙarami ne, makaranta ɗaya ce, amma ya isa ya hana mu cewa wannan manhaja tana kashe marubuci a cikin yaro.

Abin da Muka Mayar Mata

Duk da haka, a ganinmu ta yi kuskure a wuri biyu, kuma kuskuren yana da tushe a asalin manhajar. Wadda ta faro daga yaran da aka kulle a ɗaki babu abin taɓawa, ta zarce ga 'ya'yan talakawan da ba su da komai, dole ta ɗauki duk wani wasan kwaikwayo a matsayin alamar rashi. Likita ce, ta ga dokin kara ta karanta shi kamar alamar ciwo.

Amsa mafi ƙarfi ta zo daga masanin halayyar yara na Rasha, Lev Vygotsky, a wata lacca da ya yi a 1933, kuma shi ma da wannan dokin ya yi misali. Ya yarda da ita cewa wasa yana tasowa daga burin da ba zai cika nan take ba. Inda suka rabu shi ne a kan abin da yaron yake yi da burin. Ya ce jariri a ɗaure yake da abin da idonsa ya gani: ƙofa ta buɗewa ce, ƙararrawa ta kaɗawa ce. Ranar da ya ɗauki kara ya ce doki ne, ranar ce ya fara ɓamɓare ma'ana daga jikin abu, ya ɗora ta a kan wani abin daban. To mene ne rubutu in ba wannan ba? Baƙaƙe huɗu na kalmar doki ba su da wutsiya ba su da kofato, amma mun yarda su tsaya a madadinsa. Yaron da ya hau dokin kara ya riga ya taka matakin farko na karatu. Shi ya sa Vygotsky ya jera wasa da zane da rubutu a kan layi ɗaya, ya kuma soki hanyar Montesori da cewa ta koyar da rubutu kamar motsa yatsu, ba kamar magana da yaro yake da bukatar faɗa ba.

Mu ƙara da abin da kowa ya gani da idonsa. Yaron da yake sukuwa a kan kara bai taɓa kai masa dusa da gaske ba, kuma in aka ce a kawo kara a hura wuta, kuka zai yi don an raba shi da abin wasa, ba don ya ɗauka an ƙona dabba ba. Yana riƙe da abu biyu a lokaci ɗaya, kara ne kuma doki ne. Wannan ba ruɗewa ba ce. Ita ce ainihin basirar da mai karanta ƙagaggen labari yake aiki da ita idan ya zubar da hawaye saboda mutumin da ya san ba a taɓa haihuwarsa ba.

Kuskure na biyu shi ne ta haɗa abu biyu a kwarya ɗaya: ƙaryar da ake yi wa yaro a matsayin gaskiya, da labarin da aka shaida masa cewa labari ne. A nan tatsuniyar Hausa tana da abin faɗa, domin tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Mai ba da ita sai ta ce ga ta nan, masu sauraro su amsa, da wannan amsawa an ƙulla yarjejeniya. In ta ƙare sai a ce ƙurunƙus, a kuma rufe da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da aka shirga. Tana da lokacinta, da dare bayan an gama aikin yini, har ana hana yara yin ta da rana. Duk waɗannan shinge ne da kakanninmu suka kafa tsakanin duniyar da kura take magana da duniyar da kura take cin akuya. Ashe tatsuniya ba ta koya wa yaro gaskata komai, tana koya masa cewa magana iri-iri ce, akwai ta zahiri akwai ta ƙage, kuma kowacce da alamarta. Bugu da ƙari, jigon tatsuniyoyi da yawa shi ne sakamakon saurin yarda: kullum Gizo yana cin wanda ya gaskata shi ba tare da tunani ba. Ina makarantar da ta fi wannan maganin ciwon da Montesori take tsoro?

Komawarta ga Labari

Abin sha'awa shi ne, manhajar da kanta ta juyo ga labari daga baya. A 1939 Montesori ta tafi Indiya don horar da malamai, Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can, ba ta komo Turai ba sai 1946. A garin Kodaikanal ita da Mario suka yi aiki da yara 'yan shekara shida zuwa sha biyu, kuma daga wannan aiki ne aka sami manyan labarai biyar da ake buɗe karatun firamare da su a makarantunta: farkon duniya, zuwan masu rai, zuwan ɗan Adam, asalin rubutu, da asalin lissafi. Ana ba da su ne da baki, da murya mai hawa da sauka, har da siffanta abubuwa marasa rai kamar masu ji. A wannan mataki ta ce ƙirƙirar zuci ita ce babbar ƙofar ilmi, tunda yaro ba zai iya taɓa rana da taurari da hannu ba.

Ba ta janye matsayinta a kan 'yan ƙasa da shida ba, kuma labaran nata a kan ilmin zahiri aka gina su. Amma mai nazari zai ga cewa wadda ta ci duniya da labarin yaro mai alli a kan rufin bene, ta ƙare da amincewa cewa gaskiya ma tana bukatar mai ba da labari. Tambayar da ba ta amsa ba ita ce, kunnen da zai saurari waɗannan manyan labarai yana shekara shida, a ina ya koyi sauraro in ba a gindin kaka ba?

Kammalawa

Me ya rage mana mu marubuta? Na ɗaya, mu karɓi ƙalubalenta. An yi aikin tattara tatsuniyoyi tun daga juzu'ai uku na Frank Edgar tsakanin 1911 da 1913 har zuwa jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a farkon shekarun 1970. Inda muke da giɓi babba shi ne littattafan zahiri na ɗan shekara uku da huɗu: yadda gero yake tsirowa, yadda ake gina tukunya, sunayen tsuntsayen da suke sauka a tsakar gida, da jimla gajera da hoto mai gaskiya. Wannan ma adabi ne, kuma ya fi wuya fiye da yadda ake zato.

Na biyu, idan za mu rubuta tatsuniya domin ƙanana, kada mu cire mata ƙofofinta da sunan zamanantarwa, kada kuma mu mayar da ita sandar tsoratarwa ko wa'azin da aka yi wa riga da dabbobi.

Na uku, kuma shi ne mafi girman abin da wannan likita ta bari, mu zauna mu kalli yaro kafin mu rubuta masa. Ita kallon da ta yi ne ya ba ta duk abin da ta yi daidai a kansa, kuma inda ta yi kuskure, a ganinmu, wuri ne da ta yanke hukunci kafin ta gama kallo. Wanda yake da rubutun yara a aljihun tebur, ya tara 'yan unguwa biyar da yamma ya karanta musu, ya lura da shafin da suka fara waige-waige. Wannan shafin shi ne wanda za a sake rubutawa. Allah Ya sa mu dace.